Katako ta taga

Madafata a Gazawa, in na shiga sai tsintsiya ta fita. Da aka ba ni aikin gato, wato kek, na sunan ɗiyar ƙanwata, sai na zura katako ta taga: rabin ciki in kwaɓa fulawa, rabin waje gato ya sha iska. Har maƙwabciyata na kira ta ga basira.

Ta leƙa, ta ce, "Yaya, bayan tagar nan ba garken awakinku ba ne?"

Na ce, "Ina akuya ta san gato?"

Ashe ta sani. Ko ɓurɓushi ba su rage wa maijego ba.

Har yau, da akuya ta yi kuka sai maigidana ya ce, "Tashi, masu sayen gato suna sallama."