Ranar Da Na Zagi Motata A Gaban Alƙali

Ranar wata Juma'a da la'asar na fito daga shagon mai soya kifi, ƙunshi yana ƙona mini hannu, sai na hango Gimbiya a bayan janwe, hancinta a sama, ana tafiya da ita. Gimbiya motata ce. Na bi su a guje ina ihu har mahaɗar titi, direban ya ɗago mini hannu cikin ladabi kamar mun saba haɗuwa a coci. Wata biyu ke nan ban biya kamfanin bashin mota ba, tun da aka rage mana awoyin aiki a sito. Na samu gefen titi na zauna na cinye kifin, don shi dai na riga na biya kuɗinsa.

Ba kunyar tafiya a ƙasa ce ta dame ni ba. Mahaifiyata, Mama Vernice, ana yi mata wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a, asibitin kuma mil goma sha takwas ne daga unguwarmu ta Harlow Bend. Wankin ƙoda ba a ce masa a dakata sai ƙarshen wata.

Za ku ce in sa ta a bas. Allah ya saka wa Masu Girma Iyayen Gari da alheri, sun tuna da mu. Shekara huɗu da suka wuce suka gina mana rumfar jiran bas, mai rufin gilashi da benci na ƙarfe. An yanka kintinkiri, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Bas ɗin ce kawai ba ta samu zuwa ba, har yau kwamiti na nazarin ta wace kwana za ta ɓullo.

Maƙwabcina Odell Pruitt, tsohon makanike, shi ya kai Mama a akori-kurarsa ranar Litinin. Shekara uku mutumin nan yana yi wa Gimbiya rashin mutunci ta saman shinge, ni kuma ina kare ta. Da ya ga takardar da kamfani ya aiko cewa nan da kwana goma za a yi gwanjonta, sai ya ce, "Lem, tashi ka je ka karye."

Na ce, "Ai a karye nake."

"A'a, wannan karyewar gida ce, ba ta da hatimi. Ka je kotu ta tabbatar. Ranar da ka shigar da takarda, gwanjo ya tsaya, dole su sako maka wannan gwangwanin naka."

Lauyar da ya haɗa ni da ita, Madam Tillery, ta karɓe ni da fara'a, ta ce kuɗin shigar da takarda dala ɗari uku da 'yan kai ne. Na ce, "Madam, ko ba ki ji abin da ya kawo ni ba? Ba ni da kuɗi." Ta ce ta ji sarai, amma kotu ba ta yarda mutum ba shi da kuɗi sai ya biya. Na sayar da injin yankan ciyawata na sayi shaidar talauci. Daga nan aka sa na biya kuɗin wani darasi na koyon tattali, inda wata murya mai daɗi ta shawarce ni ta waya da in rage zuwa hutu bakin teku. Na yi mata alkawari.

Ban ce tsarin ba shi da kyau ba. Shi ne dai wanda manya ke bi idan kamfaninsu ya durƙushe, sai dai nasu ana kiransa gyaran tsari, a ba shugaba tukuici saboda jajircewa. Nawa kuwa Odell ya gaya wa duk wanda ya tarar a shagon aski.

A kwana na tara aka sako Gimbiya. Na rungumi sitiyari, ban ɓoye muku ba, sai da na yi ƙwalla. Amma Madam Tillery ta ce da saura. Tun da motar ta haura shekara biyu da rabi a hannuna, abin da zan biya shi ne darajarta ta yau, a riƙa cira daga albashina har shekara biyar. Kamfani ya ce ta kai dala dubu goma sha ɗaya. In alƙali ya yarda da su, albashina ba zai ɗauka ba, shirin ya rushe, janwe ya dawo.

Ta ce, "Mista Gaskin, gobe za ka gaya wa kotu duk aibin motar nan."

Na ce, "Ba ta da aibi."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Da rantsuwa fa za ka yi magana. Akwai wanda ya san ta ciki da bai?"

Odell ya zo kotu da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin wannan ba. Lauyan kamfani ya fara tashi, wani matashi mai sheƙin takalmi, ya yabi Gimbiya yabon da ni kaina ban taɓa yi mata ba: inji lafiya lau, jiki sumul, mota ta kece raini. Har na fara gyaɗa kai, Madam Tillery ta taka mini ƙafa.

Aka kira ni na ɗaga hannu. Na ce, "Ya Mai Shari'a, tana yoyon baƙin mai. Giyar baya sai an lallashe ta. Ƙofar direba daga waje ake buɗe ta. Salansa da wayar rataye riga na ɗaure shi." Ina faɗa zuciyata tana ciwo, don ko ɗaya babu ƙarya.

Odell ya hau, ya gyara wuyan kwat. "Ranka ya daɗe, ya manta lagireto. Ya manta in an yi ruwa fasinja sai ya ɗaga ƙafa. Ni da za a ba ni ita kyauta, sai na tambayi laifin da na yi." Sai da alƙali ya ce ya isa, shi ma yana danne dariya. Ya yanke dala dubu huɗu da ɗari biyar. Na yi nasara, an rubuta a takardar hukuma cewa abin da na fi taƙama da shi a duniya tarkace ne.

Mama tana benci na baya, ta ji komai. Da muka shiga mota na murɗa makulli, Gimbiya ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Na sake, ko motsi.

Mama ta ce, "Lemuel, ba ta haƙuri. Shekara uku tana kai ni tana dawo da ni, ka tsaya gaban mutane ka tona mata asiri."

Daidai nan lauyan kamfani ya zo wucewa da jakarsa. Odell ya leƙa ta taga ya ce, "Samari, zo ka tura mana motar nan taka mai lafiya lau!" Yaron kirki ne, ya ajiye jaka ya tura. Ni kuma na sunkuya na raɗa mata, "Yi haƙuri, don Mama na yi." Ta tashi.

Ranar Laraba ƙarfe bakwai saura kwata Mama tana kan kujerar asibiti, an jona mata na'ura, tana yi wa nas faɗa a kan sanyin ɗakin. Ban taɓa jin daɗin faɗanta irin na ranar ba.

Yanzu da yake giyar baya sai da lallashi, a rumfar bas Mama ke zama ta jira ni in zagayo da mota in ɗauke ta, ba sai na ja da baya ba. Shekaranjiya wani ma'aikacin hukuma mai riƙe da allon rubutu ya zo ya ƙirga ta a matsayin mai jiran bas. Odell ya ce ya ji Masu Girma sun yi murna da ƙaruwar fasinjoji, har za su gina mana rumfa ta biyu.