Saƙon Goggo a Bakin Boda

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, da ranar da Goggo Ladi ta tozarta ni a iyakar Nijar alhali tana zaune a ɗakinta a Tarauni.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce. Na gama jami'a, ba aiki, sai baki. Ni da abokina Sadi, ɗan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, muka ce mu ma sai mun yi yawon buɗe ido har Damagaram: jakar goyo, motar haya, kwanan tasha, gari da ƙuli. Ni ko jakar ba ni da ita, sai na tafi aro gidan Goggo, ƙanwar babana.

"Ɗauki ta yayanka," in ji ta. "Na saka ɗan saƙo a ƙasa, ka kai wa ƙawata Hajiya Rabi a Damagaram. Ba nauyi."

Ban tambayi ko mene ne ba. (Wa ya isa ya tambayi Goggo?) Na ga ƙunshi a baƙar leda, na danna kayana a kai.

A mota na cika wa mutane kunne. Akwai wata budurwa a kujerar gabana, saboda ita na yi ta lacca a kan mulkin farar hula da 'yancin ɗan ƙasa tun daga Kano. Da muka isa boda aka ce kowa ya sauke kayansa a duba. Kowa ya buɗe, ni na rungume tawa.

"Yallaɓai, wancan zamanin ya wuce," na ce wa jami'in da ke duba kayan, da ƙarfi don ta ji. "Ni ɗan yawon buɗe ido ne, ba ɗan fasa-ƙwauri ba."

Sadi ya taka min ƙafa. Jami'in ko ɗaga murya bai yi ba, ya ce motar ba za ta motsa ba sai an duba. Direba ya fara huci. Sai na dire jakar a kan tebur, na ce, "Ga ta. Amma in kun gama, a gaban kowa za ku ba ni haƙuri."

Ya fito da riguna, ya fito da gari, sannan ya kwance baƙar leda.

Rigar nono. Ja. Ya ɗaga ta sama kamar tuta. Ya zaro wata, ya zaro wata, har da mai leshi. Sai ga kwalabe sun biyo baya. Wata dattijuwa cikin fasinjoji ta matso ta shinshina, ta ce, "Tsimi ne, na Kano mai kyau! Ɗan nan, sayarwa kake yi?"

Na juya wajen Sadi neman agaji. Mutumin da muka tashi tare ya ja da baya ya ce, "Ni wallahi a tasha muka haɗu."

"Ba nawa ba ne," na ce. "Saƙo ne. Ban ma san abin da ke ciki ba."

"Ka ɗauko kayan da ba ka sani ba za ka tsallaka ƙasa da su?" in ji jami'in. "To a nan za ka zauna sai an yi bincike. Sai dai in naka ne, ka kwashe abinka ku wuce."

Direba ya riga ya tayar da mota. Na dubi dajin da za a bar ni, na dubi budurwar, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Nawa ne," na ce.

"Ban ji ba."

"Nawa ne!"

Wani tsoho ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirya." Haka na tsuguna ina ninke rigunan nono ɗaya bayan ɗaya, na cusa su a jaka na koma mota.

Da na dawo, kai tsaye na je Tarauni raina a ɓace. Goggo ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Au, sun buɗe? Ina fata dai ba su zubar min da tsimin ba."

Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Amma tun daga ranar, ko limamin unguwarmu ne ya ba ni saƙo, a gabansa nake kwancewa. Lacca kuwa, sai an gama duba kayana nake farawa.