Agogon Bangon da Ya Lalace Sau Tara

"…Da gajiya kuma? Ya yaran? To madalla. Malam akawu, ka ga bana da rakiya na zo."

Tsohon nan mai gyaran agogo ne a gaban teburina, na uku daga ƙofa a ofishin karɓar haraji. Shekara goma sha tara ina karɓar takardarsa, bai taɓa bari makon farko na karɓar haraji ya wuce shi ba. Fayil ɗinsa kore ne, gefensa ya sha salatif, yana cikin aljihun tebur na biyu. Bana sai ga shi da jikarsa, wata budurwa mai gyaran waya, ta riƙo masa jakar takardu.

"Ba rakiya ba ce, Malam, gadi ne," in ji ta. "An ce in ga sakamako da idona, kada a sauya shi a hanya."

"Kada ka kula ta. Amaryata ce. Tun ranar da aka haife ta take bi na, na rasa yadda zan yi in rabu da ita."

"Wa zai bi ka? Angon da sai ya maƙala gilashi a ido ɗaya kafin ya gane fuskar matarsa?"

"Da wannan gilashin na biya kuɗin makarantar ubanki."

"Shi ya sa har yau da ido ɗaya yake karatu."

Na ba su kujeru, na tambayi wane sakamako ake gadi. Ita ta yi mini bayani. Babanta da ƙannensa sun daɗe suna roƙon tsohon ya rufe shago ya huta, yana ƙi. A ƙarshe aka yi yarjejeniya: idan bana abin da shagon ya samu ya kai a biya haraji, za a ƙyale shi. Idan kuwa takarda ta fito sifili, zai miƙa makulli a ƙarshen wata.

"Kuma ba za ta fito ba," in ji shi. "Ni ba irin masu sana'a a ƙarƙashin lema ba ne. Ka san ofishinta? Lema ɗaya, benci ɗaya, a bakin titi. Da hadari ya haɗo, kamfani ya tashi."

"Kamfanin da ya kashe maka kasuwa ba. Yanzu wa ke duba hannu don ya san lokaci?"

"Masu hankali."

"Su nawa suka rage?"

"Ni da Malam akawu."

Na ja hannun rigata na rufe, domin agogona ya fi wata huɗu a tsaye.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Akwai iyaka, wanda abin da ya samu a shekara bai kai ta ba, ba ya biyan komai. Zai cika fom, a buga masa hatimi, ya kama gabansa. Adadin da tsohon ya rubuta ya haura iyakar da ɗan kaɗan, kamar an auna da ma'auni. Na buɗe littafin rasit ɗinsa kamar yadda nake yi kowace shekara. Shekarar da na fara karɓarsa rasit ɗari takwas da 'yan kai ne. Bana sittin da ɗaya. Tara daga ciki duk a wata biyun ƙarshe aka yanke su, duk aiki ɗaya: agogon bango mai lilo, gilashinsa da tsaga a kusurwa. A wurin sunan mai kaya an rubuta "wani bawan Allah".

"Baba, wannan bawan Allah fa?" na ce.

Kafin ya buɗe baki ta leƙo.

"Mai lilo? Mai tsaga a kusurwa? Kaka! Wannan ai agogon ɗakin marigayiya matarka ne, wanda ke saman gadonka!"

"Agogo ɗaya ne mai tsaga a duniya?"

"Sau tara a wata biyu? To ko dai agogon ba shi da rabo, ko mai gyaran ba shi da hannu. Zaɓi ɗaya."

"Mai shi mutum ne mai tsantseni. Ba ya son ya ji ko ɗan tari a cikinsa."

"Yana biya kuwa?"

"Nan take. Bai taɓa neman ragi ba."

"Ina ya ga ta neman ragi, kuɗi daga aljihun dama zuwa na hagu? Malam, a kama su duka biyun, da mai shagon da bawan Allahn. Kujera ɗaya ma ta ishe su."

Matar da ke bayansu a layi ta rufe baki da fom ɗinta. Ni kuwa shekara ashirin da uku ina wannan aiki, na ga masu ɓoye samu iri-iri, har da wanda ya rantse mini gobara ta cinye littafinsa shekara uku a jere. Ban taɓa ganin wanda ya ƙara wa kansa don a caje shi ba sai ranar.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce. "Abin da mutum ya biya kansa ba ya shiga lissafi."

Na ɗora rula na ja layi a kan taran, na sake tarawa sau biyu. Bai kai ba. Na rubuta sifili a akwatin ƙarshe.

Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Shekara arba'in da ɗaya ina biya," ya ce. "Titin da ke gaban shagon nan, akwai kuɗina a cikinsa."

"Shi ya sa duk ramuka," in ji ta, amma muryarta ta yi ƙasa.

Ya juya hularsa a gwiwa.

"Ba kuɗin ba ne, amarya. In na ba da makullin, da safe in na sa takalmi, ina zan nufa?"

Na ce masa sifili ba kora ba ce. Cikin fayil ɗari biyu da na duba a makon, saba'in da shida haka suka fito, har da na wani malamin makaranta mai ritaya da na wata mai ɗinki da ke riƙe da marayu uku. Hatimi ɗaya ake buga wa kowa. Ya gyaɗa kai kawai, don ba ni ne na yi yarjejeniya da 'ya'yansa ba.

Jikar ta yi ta murza igiyar jaka. Can ta gyara zama.

"Malam akawu, tambaya gare ni. In mutum ya ba da hayar rabin teburinsa, kuɗin hayar na shiga lissafi?"

"Yana shiga."

"Ko da mai hayar matarsa ce da ya kasa rabuwa da ita?"

"In dai da rasit, kuma kuɗin daga aljihunta ya fito."

Tsohon ya ɗago. "Ke? A shagona? Da wayoyin nan masu ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa?"

"Taimaka maka zan yi. Mutane su shigo, ko gizo-gizon da ke ƙofar ya san an yi baƙi."

"Ke dai ki ce ruwan sama ya ishe ki."

"Ya ishe ni, sai me? Waya biyu ya lalata mini bara, ni na biya. Tun lokacin nake son in yi maka magana, ina tsoron bakinka."

"Ubanki fa? Takarda ta ce sifili."

"Sifili zan gaya masa, ba zan yi ƙarya ba. Sannan in gaya masa na kama haya. In ya rufe shagon, 'yarsa ya mayar ƙarƙashin lema. Ya je ya yi wa Mama wannan bayanin in ya iya."

"Gefen taga nawa ne."

"Soket nawa ne."

"Ba kiɗa kafin azahar."

"Ba gyangyaɗi a gaban masu kawo gyara."

"Haya ranar ɗaya ga wata. Ba na ɗaga wa dangi ƙafa."

"Na sani. Kai da ka caji kanka sau tara ba ragi."

Nan dariya ta ƙwace masa har da tari, sai da na miƙa masa ruwa. Ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro ɗan gilashin nan na ido, bakinsa duk ya goge, ya danƙa mata a tafin hannu.

"Riƙe. Na ga yadda kike ƙanƙance ido a kan ƙananan kusoshin nan. Kada ki makance a ce a shagona ne."

Ta riƙe shi da hannu biyu. Na buga hatimi, na ba ta takardar. Fayil ɗin kuma na mayar da shi aljihu na biyu, ban kai shi kabad ɗin waɗanda suka rufe ba. Na kwance agogona na tura wa tsohon, na ce da rasit nake so.

Suna miƙewa ta ce, "Gobe ka zo da agogon marigayiya. Ni zan duba shi, ya huta da wahala."

"A'a, kada ki taɓa shi," in ji shi, yana gyara hula. "Lafiyarsa ƙalau. Shekara talatin bai taɓa tsayawa ko na minti ɗaya ba."