Reshen Bedi da Tiyar Asabar

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Larabar da Kumandan ya zo duba itatuwan makarantarmu ba. Ko na so in manta, akwai mutum goma a garinmu da ba za su bar ni ba. Yau ga ni da furfura da jikoki, amma in na tuna ranar sai in ji kunnuwana sun yi zafi, rabi don kunya, rabi don haushi.

Lokacin ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Mishan a garinmu, can cikin ƙasar Tasawa. Mu ɗaliban kusan dukanmu Musulmi ne. 'Yan coci su yi addu'arsu da safe, mu mu rungume hannu mu jira su gama, ba mai takura wa wani. Iyayenmu sun kai mu can don ana karatu sosai, kuma in za a faɗi gaskiya, don ana ba da hatsi. Shekarar ce damina ta yi mana ƙarya, gero ya kai gwiwa ya tsaya ya ƙone. Babanmu ya tafi ci-rani Najeriya, ya bar Inna da ni da ƙannena biyu. Duk ranar Asabar, Masor, tsohuwar Baturiyar coci da ke riƙe da mabuɗin sito, takan auna wa kowane ɗalibi tiya ɗaya, wato babban kwanon awo, ta jar dawar taimako. Da wannan tiyar Inna take jan mu har wata Asabar, tana haɗawa da dusa da ganye.

Soja ke mulki a lokacin, sai umarni ya zo daga sama cewa kowace makaranta ta dasa itatuwa don a tare hamada. Umarnin soja kuwa ba a tambayar dalilinsa. Ma'aikatan daji suka kawo 'yan dashen bedi (wasu su ce dogon yaro) cikin baƙar leda, aka ba kowa ɗaya. Ka haƙa rami, ka dasa, ka kewaye da ƙaya saboda awaki, sannan kullum da safe ka zo da kwalba ɗaya ta ruwa daga gidanku. Direktanmu, Mushe Pol, wani dogon mutum daga ƙasashen bakin teku, sai ya ƙara nasa gishirin: duk wanda iccensa ya mutu, babu shi babu tiyar Asabar. Masor ta yi gunaguni, ya ce ai shi za a tuhuma in filin ya bushe, ba ita ba.

Ku duba min wannan hukunci, don Allah. Har yau raina ɓaci yake. Mutumin da aka haifa inda ake ruwan sama wata tara, shi ne zai ɗaura cikin yara a jikin icce, a garin da rijiya ta kai gaba talatin. Inna takan fita da asuba, ta dawo da hantsi da tulu ɗaya, rabinsa laka. A cikin wannan tulun za a sha, a yi tuwo, a yi alwala, sannan ni in zo da kwalbata in tsaya mata a kai kamar mai bin bashi.

Ta yi haƙuri wata guda. Ranar da guga ya fara fitowa da yashi kuwa, ina miƙa kwalba sai ta ce, "Ke, hita idona! Mutane ba su sha ba, icce za shi sha? Ki hwaɗa ma Mushenku shi taho shi ja guga guda, shi gani in wasa ne."

Ban faɗa masa ba, mana. Na riƙa zuwa da kwalba wofi a cikin zane, in duƙa a gindin iccen in yi kamar ina zubawa. Kwana biyar aka yi haka. Ranar Litinin na leƙa cikin ƙayar na tarar da iccena ya zama tsinken tsintsiya. Na taɓa shi, ganyen ya zube. Na tsaya ina kallonsa, ba shi nake gani ba, ƙwaryar Inna nake gani ranar Asabar babu komai a ciki.

Washegari da sassafe na saci wuƙar Inna, na zagaya bayan kasuwa inda akwai wani tsohon bedi, na yanko ɗan reshe daidai tsawon mamacin. (Yankan ɗanyen icce a lokacin laifi ne babba, in gardin daji ya kama ka sai gidanku ya sayar da akuya.) Na fiƙe gindinsa kamar fensir, na riga kowa zuwa lakwal, na tuge mataccen na binne, na soka reshen a gurbinsa, na tara masa yashi. Mushe yakan duba itatuwa da ƙarfe takwas, bayan an ɗaga tuta. A lokacin reshena yana nan shar. In rana ta take kuwa, itatuwan kowa sunkuyar da kai suke, ba mai gane na gaske da na ƙarya. Ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce. Asabar na karɓi tiyata.

Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Kullum sabon reshe, ɗan ƙarami, ba ruwan kowa da ni. To amma akwai Rakiya, ɗiyar likitan gari, wadda gidansu ke da famfo. Iccenta na gaske ne, yana shan ruwa kamar ɗan sarki. Wata safiya Mushe ya tara mu a gabansa, ya yaba mata, ya ba ta alli mai launi guda uku. Da za ta wuce ta gefena sai ta leƙa nawa ta taɓe baki ta ce, "Naki kam ko girma ba shi yi. Ko shi ma yunwa shika ji?"

Wannan magana ta tsaya min a wuya. Ni kuma tun ina ƙarama Allah ya yi ni da zuciya, ba a taka ni in kwana. Washegari reshena ya ƙaru da yatsa biyu. Jibi ya ƙara uku. Da na ga ba wanda ya ce uffan sai na koma ƙara taƙi guda. Cikin mako uku, iccen da yake iya gwiwata ya kai min ƙirji, ya baro na Rakiya can ƙasa. Mushe Pol ya tsaya a gabansa ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Formidable!" in ji shi. "Mi kike ba shi, yarinya?"

Na sunkuyar da kai irin na masu ladabi na ce, "Kashin awaki ne, Mushe, da addu'a."

Ya rubuta wannan a babban allo, ya ja layi a ƙasa. Mako mai zuwa duk makarantar, har 'yan aji ɗaya, suka riƙa zuwa da kashin awaki a ƙulle a bakin zane. (Awakin ma a shekarar ba su da abin kasayarwa, sai an bi su da haƙuri.) Ni kuwa aka ba ni alli mai launi guda biyar, ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ƙawata Hassu, wadda muke zama benci ɗaya, ta ja ni gefe lokacin hutu ta ce, "Ke dai ki rage. Icce ba shi tsawo hakanga. Za ki ja muna ido."

Na ce mata hassada ce ke cin ta. Ban ko tsaya na tambayi kaina me ya sa ta ce "muna" ba.

Sai ga labari cewa Kumandan na Tasawa, wani kyaftin na soja, zai zo ranar Laraba ya ga itatuwan. Aka yi kwana uku ana shara da koyon waƙa. Aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Masor ta sa aka yanka zakarunta biyu. Mushe ya ce iccena za a fara nuna wa baƙo, kuma ni zan tsaya a gefensa in yi bayani da Faransanci. Mai hankali a nan zai ji tsoro. Ni kuwa ranar da sassafe na hau bedin bayan kasuwa na zaɓo reshen da ya fi kowane kyau, kaurinsa ya kai babban yatsana, tsawonsa har haɓata.

Da hantsi mota ta tsaya, sojoji biyu suka diro da bindigogi, Kumandan ya fito. Gari duk ya hallara: mai gari, liman, 'yan coci, iyaye mata a gefe guda, har Inna da goyonta. Muka yi waƙa, Mushe ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya jawo baƙon har gabana yana murmushi har kunne. Na buɗe baki na fara Faransancin da na haddace. Kumandan bai ko dube ni ba. Iccen yake kallo, daga sama har ƙasa. Can sai ya katse ni da Hausa tsantsa.

"Ɗiyata, wata nawa da dasa shi?"

"Wata biyu, ranka shi daɗe."

"Wata biyu," ya maimaita. "Ni ɗan manomi ne. Bedi ukku ke ƙohwar gidan ubana."

Ya miƙa hannu ta saman ƙayar, ya kama iccen da yatsa biyu, ya ɗaga. Ko ja bai yi ba. Abin ya taho masa salin alin, gindinsa fari fat, a fiƙe, yana sheƙi a rana. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Wurin ya yi tsit, har kukan goyon Inna ya tsaya.

Na so a ce a nan na ba ku labarin yadda na dubi idonsa na faɗa masa zurfin rijiyarmu, na tambaye shi ko ya taɓa shan ruwan laka. Na yi wannan jawabin sau dubu a zuciyata daga baya, kuma kullum yana ƙara daɗi. Amma abin da ya fito daga bakina a ranar, a gaban liman, da ƙarfi kuma, shi ne:

"Wallahi jiya da saiwarshi!"

Wani tsoho ya fara tuntsirewa, sai filin duka ya ɗauka. Har ɗaya daga cikin sojojin ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Na hango Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kumandan bai yi dariya ba. Ya ajiye reshena a ƙafar Mushe Pol, ya bi layin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, kowane ya kama da yatsa biyu ya ɗan ja. Na Rakiya ya riƙe ƙasa. Na gaba ya riƙe. Na ukun ya taho, na Hassu ne. Dariya ta fara raguwa. Ya ci gaba, wani ya riƙe, wani ya taho, iyaye suna bin hannunsa da ido kowa yana addu'a a ransa. Da ya kai ƙarshen fili, rassa goma ne ya tara a kan nawa. Dukansu 'yan ƙanana, iya gwiwa, masu kunya, waɗanda da ba don ni ba har a tashi duniya ba mai taɓa su. Ashe ba ni kaɗai Allah ya ba dabara ba, ni kaɗai ce dai ya hana hankali.

Ya yi wa Mushe magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, gumi yana bin wuyan Mushe. Ya juya ga iyaye ya ce don yara ne ya yafe tarar yankan icce, amma kar ya sake ji. Ya shiga mota ya tafi, ko kallon zakarun Masor bai yi ba.

Ranar Asabar muka yi layi da ƙorai kamar kullum. Mushe ya tsaya da takarda ya kira suna goma sha ɗaya, ya ce mu fita daga layi. Masor tana auna wa sauran, fuskarta a ɗaure. A hanyar gida ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na samu abokin faɗa. Hassu ce kawai ta tsaya a bakin lungunsu, ƙwarya a kife a kanta, ta ce, "Mu don tiya munka yi. Ke don mi?"

Na isa gida na ajiye ƙwaryar a hankali. Ƙanena ya leƙa ciki ya dube ni ya ce, "Yaya, ina dawa?" Inna ba ta doke ni ba. Ta tankaɗe dusa, ta zuba busasshen ganyen tafasa a tukunya. Sai da ta sauke ta ce, "Na san iccen ya mutu tun ran da na hana ki ruwa. Na san inda wuƙata take zuwa, na yi shiru, don ni na ja. Amma wa ya aike ki ki zama ta ɗaya?"

Mako na gaba Masor ta rufe ƙofar ofis da Mushe Pol, muna jin muryarta har cikin aji. Da suka fito, dokar tiya ta mutu, aka buɗe rijiyar Mishan don ban ruwan itatuwa, abin da ya kamata a yi tun farko. Sai dai wannan bai mayar da makon da ya wuce ba. Gida goma sha ɗaya sun yi kwana bakwai a kan dusa, kuma a gidan su Hassu akwai kaka mai ciwo.

Har yau ina jin haushin Mushe Pol da dokarsa, ina jin haushin Kumandan da ya iya gane reshe amma bai tambayi dalilin da ya sa yara goma sha ɗaya suka soka shi ba. Amma in na gama rabon haushin nan, kaso mafi tsoka nawa ne. Yunwa ce ta sa ni ƙarya, wannan kowa ya yafe min. Abin da ba a yafe ba shi ne na nemi a tafa min a kanta. Tun daga ranar na koyi cewa in dole ta sa ka soka reshe, to ka bar shi iya gwiwa, don ba ka san mutum nawa ne ke fakewa a layinku ba.