Ramuwar Ƙwayoyin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar audugar da na kusa aika mahaifina lahira da hannuna, ina yi ina jiran a sa mini albarka.

Farkon shekarun tamanin ne, ina sabon malamin firamare a garinmu Mahuta. Ni kaɗai ne ɗan boko a gidanmu, duk takardar da ta shigo, ko da ta ƙunshin ƙosai ce, ni ake miƙo wa. (Biro biyu nake saƙalawa a gaban riga, ɗaya ma ba ya rubutu.) Da Baba ya kamu da hawan jini da ciwon zuciya, ƙafafunsa suka kumbura, sai aka rubuta masa ƙwayoyi iri biyu a wani asibiti a Funtuwa: ɗaya mai sa fitsari, ɗaya kuma 'yar mitsitsiya fara ta zuciya, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Kowacce guda ɗaya a rana. Kwalaben a aljihuna suke zama, tunda na naɗa kaina likitan gida.

Sai aka yi bikin ɗan amininsa a Gozaki, ya tafi ya yi kwana shida. Kwalaben kuwa suna nan a aljihuna, na manta ban ba shi ba. Ya dawo da ƙyar yake numfashi, takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa.

Na ji tsoro, na kuma ji kunya, saboda haka na zauna na yi lissafi irin na malamai. Salla idan ta kuɓuce ana ramawa. Azumi ana ramawa. To me zai hana magani? Na tsara masa uku-uku na kwana uku, ɗaya ta ranar, biyu ramuwa. Ban tambayi kowa ba, don a ganina babu wanda ya kai a tambaye shi.

Rana ta biyu ya ture kwanon fura, ya yi amai. Inna, mahaifiyata, ta dube ni, na ce mata magani ne ke korar cuta. Ta yarda, don ni na faɗa.

Rana ta uku da tsakar rana na dawo daga makaranta, na tarar kowa yana gona wajen tsinkar auduga, sai Inna a madafa. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Baba yana zaune a tabarma kusa da rumbu, ya zuba wa tarin audugar da ke tsakar gida ido.

"Wa ya rina audugar nan?" in ji shi, a hankali.

Na ce, "Baba, fara ce fes."

"Ruwan ɗorawa ce. Katangar ma haka. Kai ma haka." Ya ɗaga kai ya dube ni, amma kamar ba ni yake gani ba. "Ga wani zoben haske ya kewaye kanka."

Na yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Matsa ka ba Yaya Ilu wuri, ka tare masa hanya."

Yaya Ilu wansa ne, kuma da ni aka kai shi makwancinsa tun ina ɗan aji uku. Rana tana ƙwallewa, amma bayan wuyana ya yi sanyi, na kasa waiwayawa.

Na ce, "Me yake cewa, Baba?"

"Bai ce komai ba. Aljihunka kawai yake nunawa."

Inna ta fito tana salati, ta ɗora tafinta a ƙirjinsa. Ta ce zuciyar tana bugawa, sai ta tsaya kamar mai tunani, sannan ta sake bugawa. Kafin la'asar maƙwabta sun cika gidan, Baba ya fara wasiyya, wasu na cewa an buɗe masa ido ne yana hango inda za shi. Allah ya sa wata motar auduga za ta Funtuwa, muka shimfiɗa shi a kan buhuna.

A asibitin muka samu Sista Rahila, wata dattijuwa Kirista 'yar Malumfashi, marar yawan magana. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo, ta daɗe. Da ta ji zancen ruwan ɗorawa sai ta ɗago.

"Wa ke ba shi magani?"

Ni kuwa na gyara biro na matso gaba, a gaban Inna da kawunnaina da duk masu jinyar ɗakin. Na ce ni ne, kuma ba a yi sakaci ba, domin kwana shidan da bai sha ba ma na rama masa su cif. (Wallahi har da ɗan murmushi na faɗa.)

Ta karɓi kwalaben ta zazzage a tafin hannunta, ta duba, ta sake dubana.

"Malam, kana karantar da yara ko?"

"Ƙwarai, Sista."

"To karanta mini abin da ke jikin kwalbar nan, da ƙarfi."

Na karanta. Ɗaya a rana.

"Wannan ɗayar ita ce iyakarsa, ba mafari ba," in ji ta. "Ƙwayar zuciyar nan taruwa take a jiki, tsakanin maganinta da gubarta tazara kaɗan ce. Ta fitsarin da ka ninka kuma ita ta ƙara mata kaifi. Idan rana ta wuce, ta wuce, sai a zo a tambaye mu. Da ka ba shi na gobe, da ba nan za ku kawo shi ba."

Babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi jin daɗi. Inna dai ta miƙo hannu ta karɓi kwalaben, ta ƙulle su a haɓar zanenta. Ita da ba ta san bihim ba, ita ta riƙe maganin har ƙarshen rayuwar Baba, kuma ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

Ya yi kwanaki a gadon asibiti kafin auduga ta koma fara a idonsa. Sista ta ce gane-ganen ma aikin ƙwayar ne, na kuma yarda da ita, ai ni ɗan boko ne. Amma da na tambayi Baba daga baya, sai ya ce bai tuna launin komai ba, yatsan Yaya Ilu kaɗai ya tuna.

Tun daga ranar na san magani ba shi da ramuwa, kuma biro biyu ba sa mai da mutum likita. Salla da azumi ina rama abina. Gefen rumbun nan kuwa, har aka rushe shi ban sake tsayawa a wurin da tsakar rana ba.