Ustan da Ya Je Jin Gulmar Kansa

Wani ne a ƙauyenmu, can kudu da Ƙena a ƙasar Masar, sana'arsa zanen bangon alhazai. Kun dai san yadda muke yi. Mutum ya tafi Makka, kafin ya dawo an shafe gaban gidansa da farar ƙasa, an zana Ka'aba, an zana jirgin da ya kai shi, a sa raƙumi a gefe ko da bai taɓa hawan raƙumi ba, sannan a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. To duk bango mai kyau da ka gani a yankin nan, hannun mutumin nan ne. Usta ake ce masa, wato gwani. Kowa ya yarda gwani ne, ban da mutum ɗaya, shi kansa.

Asalinsa mai shafen farar ƙasa ne. Wata shekara mai zanen garin ya faɗo daga tsani ya karye, ga wani alhaji yana hanya. Aka ce, "Kai, tunda buroshi yana hannunka, ɗan yi mana jirgi." Ya yi jirgi. Mutane suka yi kabbara. Tun daga ranar bawan Allah bai sake cin abinci da daɗi ba. Kullum jira yake a zo a ja ƙafar jallabiyarsa a ce, "Malam, sauko haka nan, an gano ka."

In aka ce, "Sannu da aiki, Usta," sai ya waiga ya ga da wa ake.

Matarsa Atiyat ta yi magana har ta gaji.

"Baban yara, mutane fa sun ce ka iya."

"Kunyata suke ji. Mutanen kirki ne."

"Har daga Isna ake zuwa ɗaukarka."

"Na Isna ba su san ni ba, shi ya sa."

"To na garin nan da suka san ka fa?"

"Su kuma tausayina suke ji."

Ta ce, "Allah ya ba ka lafiya," ta ci gaba da jefa gurasarta a tanda.

Ana nan ana nan, sai mahaifiyar Umda, mai garinmu, ta tafi aikin Hajji. Hajja Nabawiya ke nan, tsohuwar da in ta yi gyaran murya Umdan kansa sai ya miƙe tsaye. Bangon gidanta kuwa ba wanda ya kai shi girma a garin, ga shi yana kallon kasuwa. Umda ya aika aka kira mutuminku, aka kawo shayi baƙi wuluk.

"Usta, bangon Hajja naka ne."

Bango a bakin kasuwa! Usta ya ce a ransa yau kam asiri zai tonu, kuma a gaban kowa da kowa.

"Ranka ya daɗe, ya Umda, a nemo na gaske daga Luksor. Ni fa mai farar ƙasa ne, ƙaddara ce ta hau da ni tsani."

Umda ya dubi mutanen da ke zaune. "Kun ji tawali'u ko?"

"Wallahi ba tawali'u ba ne. Ban iya ba. Raƙumana duk awaki ne masu tozo."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ga iya zane, ga ban dariya. Allah ya bar mana kai, Usta!"

"Ku dai ku je ku duba ƙafafun raƙuman, don girman Allah."

Umda ya buga sandarsa a ƙasa. "Na rantse da igiyar aurena! In wani ya sa buroshi a bangon nan ba kai ba, uwar 'ya'yana ta saku!"

To mu mutanen kudu kun san halinmu. Kanmu ya fi dutsen niƙa tauri, kuma maganar da "don Allah" za ta gama, sai mun jawo auren mata ciki. Matar Umda tana can cikin gida tana figar tantabaru, ba ta san aurenta ya rataya a buroshin wani ba. Usta ba yadda ya iya, ya ɗauki tsani da gwangwanayen fenti ya nufi bango.

Ya yi ta aiki, gumi na zuba. Ya zana, ya goge, ya sake zanawa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Masha Allah!" Shi kuma duk "Masha Allah" ɗaya sai ya ga kamar asirinsa ya kusa tonuwa.

Ranar da yake gamawa, sai ga Umm Rizk mai ƙwai, tsohuwa ce da ke zama a bakin kasuwa. Ta sauke kwandonta. Ta ƙare wa bangon kallo daga sama har ƙasa. Sai ta yi tofi sau uku, ta ware yatsunta biyar ta nuna wa bangon, ta ɗaga murya:

"Tir! Kai, wannan abu da muni yake! Mummuna, mummuna! Allah ya sawwaƙe!"

Saura ƙiris Usta ya faɗo daga tsani don murna. Ya diro, ya kama hannun tsohuwa ya sumbata.

"Allah ya yi miki albarka, Umm Rizk! Yau na ga mai gaskiya a garin nan. Ina ne ya fi muni? Raƙumin ko? Faɗi, kada ki rage komai."

Tsohuwa ta waiga dama da hagu, ta yi ƙasa da murya.

"Yi shiru, ɗana, kada ka ɓata mini aiki. Don kambun baka na faɗa. Abu ya yi kyau haka a bakin kasuwa, in ba a kushe shi ba ai ido sai ya tsaga bangon. Jikana ma da aka haife shi son kowa, mummuna na ce masa, ga shi nan yana gudunsa."

"Wato ya yi kyau ke nan?"

"Tun da uwata ta haife ni ban ga irinsa ba."

Usta ya zauna a gindin tsani ya buga tagumi.

Ya koma gida ya sami Atiyat a gaban murhu.

"Ke, wannan wane irin gari ne? In sun yaba, kunya ce. In sun kushe, yabo ne. To ta ina mutum zai ji gaskiyar kansa?"

"A bayan idonka mana. Mutanen garin nan ba sa faɗin gaskiyar mutum sai ya juya baya."

Ita ta faɗa ne kawai don ya matsa ta sauke wakenta. Shi kuwa gogan sai ya ɗauke ta da gaske.

Ranar dawowar Hajja ya sa aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya lallaɓa gidan surukinsa, yayan Atiyat, wanda ya taɓa zama a Alƙahira, ya aro kwat da wando da baƙin tabarau. Ya naɗe baki da hanci da mayafi kamar mai ciwon haƙori. Ya yi ta gwada siririyar murya irin ta mutanen birni har ta zauna. Sannan ya nufi gidan biki ya saje cikin jama'a.

Gari ya cika ya batse. Masu algaita da ganga suna yi, mata suna guɗa, an kayar da sa, ana rabon dabino da zamzam. Hajja Nabawiya tana zaune a kujera a gindin bangonta, cikin fararen kaya, tana jan carbi. Usta ya kasa kunne. Nan a ce, "Dubi jirgin!" Can a ce, "Hannun Usta ai ba irin namu ba ne." Wani ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, ya ba mu kuɗin Hajji kafin ya tsufa."

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ka ji munafukai, har a bayan idona ma kunyata suke ji!" Sai ya yi tunanin kowa tsoron farawa yake yi. In mutum ɗaya ya fasa ƙwai, saura za su biyo. Ya matsa kusa da Abdurradi mai matsar rake, wani ƙato mai gashin baki, ya maƙale murya.

"Ɗan'uwa, wa ya yi muku wannan?"

"Ustanmu mana. Daga ina?"

"Daga Alƙahira. Hmm."

"Hmm ɗin me?"

"A'a, ba komai. Fiffiken jirgin nan ne na ga na hagu ya fi na dama tsawo."

Abdurradi ya duba. "Kwana yake sha."

"Raƙumin kuma, ka ga gwiwarsa ta baya a juye take."

"Gajiya ce. Daga Makka yake."

"To jirgin ruwan fa? Hayaƙi ya yi gabas, tuta ta yi yamma. Wace irin iska ce wannan?"

"Iskar Jidda ce. Ka taɓa zuwa?"

Kai, abin ya ishi Usta. Mutum yana nuna wa mutane rana tsaka suna ce masa wata ne! Ya manta da siririyar murya, ya manta da inda yake, ya haye kan benci.

"Jama'a, ku buɗe idonku! Kun ga gajimaren can? Fenti ne ya zube masa, ya rufe da gajimare! Kun ga bishiyar dabinon nan? Mutum ya fara zanawa, kan ya ƙi, ya sa masa ganye! Tsuntsayen can uku, tsagewar bango ya ɓoye da su! Wannan ba Usta ba ne, mai farar ƙasa ne! Ya yi shekara da shekaru yana raina muku hankali, ku kuna ta kabbara!"

Algaita ta yi shiru. Ganga ta yi shiru. Guɗar da wata ta fara ta maƙale mata a wuya.

Mu kuwa ba ma zuwa biki ba sanda, ko don rawar sanda. Abdurradi ya tofa yawu a tafin hannu ya ce, "Ɗan Alƙahira ne zai zo har gida ya zagi Ustanmu? Mutum yana kwance yana fama da zazzaɓi?"

Ai bai rufe baki ba aka sauko da baƙo daga benci. Wannan ya ɗirka masa, wancan ya ɗirka masa. Wanda bai ji abin da aka ce ba ma ya sa hannu, ya ce a yi masa bayani daga baya. Umm Rizk ta bi ta ƙarƙashin mutane da takalminta. Atiyat tana cikin mata, ta hango kwat ɗin, ta gane shi, ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu:

"Wayyo jama'a, a bi kwat ɗin nan a hankali, na yayana ne!"

Ba wanda ya ji ta, hayaniya ta yi yawa.

Sai da Umda ya ratso da kansa aka ɗan ja baya. Ya cafki wuyan kwat ya ɗaga baƙon sama, tabarau na lilo a kunne ɗaya.

"Kai ɗan banza! A gaban uwata? Ranar dawowarta? Kai wane ne da za ka buɗe baki a kan zane? Wallahi ko alif ba ka sani ba a sana'ar nan!"

Daga cikin mayafi aka ji wata murya tana nishi. "Maimaita, ranka ya daɗe."

"Na ce ba ka san komai ba! Jahili! Ko bangon kaji ba zan ba ka ka shafa ba!"

"Jama'a, kun shaida?"

Gari ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun shaida!"

Sai baƙo ya sa hannu ya warware mayafi. Leɓe ya kumbura, ido ɗaya ya rufe, amma baki har kunne. Tun da ya fara hawa tsani ba a taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Alhamdu lillahi! Abin da nake ta gaya muku ke nan, kuka ƙi ji!"

Sanduna suka tsaya a sama. Umda ya saki kwat, ya ja da baya. "Usta?!"

Kowa ya juya yana kallon Hajja Nabawiya. Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi bangonta, ta dubi Usta, ta ajiye carbi a cinya.

"To me kuka tsaya kallo? Ku ƙara masa! A garin nan ba mai zagin Ustanmu ya koma gida da ƙafarsa, ko da kuwa Ustan ne."