Geron Kunun Baba Saleh

"Lafiya lau, tsohon miji. Wai har yanzu kana raye?"

"Ina nan daram, amarya. Sai na ga bayan samarinki na ofis kaf."

Baba Saleh bai ko ɗago kai ba. Yana tsugune a gindin turke, a bayan gidan ɗansa da ke Kurudu, yana gauraya wa dokinsa Akawal dusa da gero da ɗan jiƙon kanwa. Tare suka tsufa da dokin nan. Tun da aka kewaye filin da yake yankar ciyawa aka hau gine-gine, tsohon bai sake samun sukuni ba. Sai ya koma cike giɓin da hatsi, hatsin kuma na bakinsa ne. Jikarsa Nazeefa ta tsaya a kansa da leda a hannu, ya kuwa san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"Geron wa nake gani a daron nan?"

"Na mai gida."

"Wanne daga ciki? Mai ƙafa huɗu ko mai ƙafa biyu da sanda? Geron kununka ne fa, wanda na aiko don ka riƙa shan magani a kai!"

"Ke da kununki kamar ruwan wanki? Akawal ma don kunya yake cin geronki."

"Dube ka, wuya kamar mariƙin lema. Shi kuma ciki ya yi tulu. Hatsi ba ciyawa kumbura doki yake yi, oga."

Wannan ta soke shi, don gaskiya ce, kuma ya riga ta sani.

"Ni za ki koya wa? Ciyawa ce abincin doki, hatsi ɗan ƙari ne. To nuna mini ciyawar! Ta garin nan mai gadi gare ta. A yi mata ban ruwa, a aske ta, a ƙone. Na je roƙon wadda aka aske, aka ce in bar bakin get."

Nazeefa ta ajiye ledar.

"Garin kunu ne. Na sa an niƙa shi da citta da barkono. In ka isa ka ba shi."

"Muguwa! Na sake ki, saki uku."

"Na gode, dama na gaji da miji mai faɗuwa a masallaci." Muryarta ta yi ƙasa. "Abba ya ji labari, Baba. Ya ce in ka sake faɗuwa, masu babbar mota za su zo su ɗauki Akawal. Ka san inda suke kai tsofaffin dawakai."

Ya sani sarai, mahauta ce. Ya dubi dokin yana lasar daro hankali kwance. Ɗan da ya taɓa ɗorawa a bayan dokin nan shi ne yau yake yi masa ciniki.

"Na yi magana da wani mai harawa a Nyanya, zai riƙa kawowa," in ji ta. "Amma sai ranar da na ga kofinka wayam."

Baba Saleh ya yi wata dariya da ba daɗi a cikinta, ya miƙa hannu ya jawo ledar.

"Ashe ni ake kiwo a gidan nan. Je ki dama, ki yi shi da kauri. Na mayar da ke."